Kada Su Riƙe Ka Ta Hannuna

Kaura Namoda,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya kai ka Gusau lafiya gobe, Ya tsare ka a hanya kai da masu raka ka, Ya sa ka shiga majalisar nan da ƙafar dama ka fito da mutuncinka.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Tun ranar da aka faɗi sakamakon zaɓen cike gurbin nan ban same ka kai kaɗai ba. Zaure cike, tsakar gida cike, waɗanda bara ba su san sunanka ba yau suna rantsuwa su suka goya ka. Kuma ka san halina, in na fara magana da baki sai ta koma faɗa, ka sunkuyar da kai kana "to, Baba" alhali ba ka ji komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta a tsanake, ka adana ta inda ba za ta ɓace ba.

Ka fi ni sanin yadda majalisar take yanzu. Bayan sauya sheƙar da aka yi ta yi, kujerar da ka ci ita ce ta riƙe wa jam'iyya rinjaye. In ka ɗaga hannu tare da su, kakaki ya zauna daram, kasafin kuɗi ya wuce, gwamna ya yi barci. In ka noƙe, komai ya girgiza. Saboda haka kada murnar da ake yi ta ruɗe ka. Ba Nasiru suke gani ba, hannu ɗaya suke gani, kuma kowa zai nemi hanyar riƙe shi. Na yi shekara takwas a zauren nan, huɗu daga ciki ni ne bulaliyar majalisa, wato mai ƙirga kawunan 'yan jam'iyya, mai tabbatar da kowa ya zo kuma kowa ya ɗaga hannu inda aka ce. Na san yadda ake riƙe mutum, don ni na riƙe wasu.

Kada ka ɗauka ina zuga ka ka zama ɗan tawaye. Rinjaye ba abin wasa ba ne. Na ga lokacin da majalisa ta rabu biyu, kowane ɓangare da kakakinsa, aka yi watanni ba a zartar da komai ba, malaman makaranta suna jira, asibiti yana jira, mu kuma muna rediyo muna zagin juna. Jam'iyyar nan ita ta ba ka tuta, mutanenta suka sha rana suna yi maka yawo daga Sakajiki har Kurya Madaro, a hanyoyin da kai kanka ka san ba a shiga da ganganci. Suna da hakki a kanka. Sau tara cikin goma za ka ɗaga hannu tare da su, kuma daidai ne. Wannan takarda a kan na goman take.

Bari in fara da ƙananan kurakuraina.

A shekarata ta farko ban taɓa karanta kasafin kuɗi ba. Littafi ne mai kauri, an kawo shi da safe, an ce a zartar kafin azahar. Na buɗe na yi ta juya shafi ina neman sunan garinmu kawai, sai ga shi: hanyar Sakajiki. Ban duba ko aikin bana ne ko na wata shekara ba, ban tambayi kowa ba. Ranar kasuwa na tafi Kasuwar Daji, na hau bayan mota, na shaida wa jama'a cewa kafin damina kwalta za ta iso. Aka yi ta tafi, har da mai guɗa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Akwai wani kwari da babura ke maƙalewa a ciki, sai 'yan kabu-kabu suka sa masa suna Kwaltar Ummaru. Har yau haka ake kiransa, kai ma na tabbata ka faɗa da bakinka, don dai ba ka san ina ji ba ne. Wani dattijo mai sayar da hatsi kuwa duk ya gan ni sai ya ce, "Honorabul, hanyat taka ta iso? Mu dai har yanzu ta Allah muka bi."

Don haka ka karanta duk abin da za ka ɗaga wa hannu. In ba ka gane ba, ka je wurin ma'aikatan majalisa, tsofaffin da suka ga gwamnati ta zo ta wuce, ka zauna ka tambaya. Ba za su raina ka ba, daɗi za su ji. Kuma kada ka sanar da aiki sai ka ga katafila ta sauka da idonka.

Na biyu, na ɗauki 'yan adawa abokan gaba. Akwai wani daga Shinkafi, ɗan adawa ne mai kaifin baki, ya sha kunyata mu a zaure. Yayansa ya rasu. Na shirya zan je ta'aziyya, sai na tuna za a iya ɗaukar hotona a ƙofar gidansa a kai wa gwamna a ce Ummaru ya fara lallaɓawa. Na cire hula na zauna. Ba a yi shekara ba mutumin nan ya dawo jam'iyyarmu, aka yi taron karɓarsa, kuma ni aka sa na ɗaga hannunsa sama a gaban jama'a. Muna murmushi ana ɗaukar hoto ya ce mini a kunne, "Ummaru, yau ka samu hanyar Shinkafi?" Na ji kamar ƙasa ta tsage. Jam'iyya riga ce, mutane suna sawa suna tuɓewa. Rasuwa da suna da dubiya kuwa ba ka da uzurin barinsu, ko gidan wane ne. Ka je da rana tsaka, kowa ya gan ka.

Waɗannan biyun ana ba da su a yi dariya. Na ukun ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko innarka sai shekaranjiya ta ji shi.

Ka tuna Sani, ɗan majalisar nan daga wajen Zurmi, wanda kuke kira Baba Sani kuna ƙanana. Tsohon hedimasta ne, dogo, ba ya son hayaniya. Hanyarsa ta Gusau ta nan take bi, don haka kowane mako sai ya tsaya gidan nan, innarka ta dama masa fura, mu shiga mota ɗaya mu wuce. Jam'iyyarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Ba ni da amini kamarsa a majalisar.

A wata shekara, lokacin ina bulaliya, ɓarayin daji sun matsa wa ƙauyukan mazaɓarsa. Ruwa ya sauka, amma mutane ba su iya zuwa gona. Sani ya kawo maganar a taronmu na 'yan jam'iyya har sau biyu, aka ce ya yi haƙuri ana kan aiki. Da ya ga shiru, sai ya rubuta ƙudiri zai gabatar a zauren majalisa, a gaban 'yan jarida. Lokacin kuwa bai yi mana daɗi ba. Mutum uku daga cikinmu 'yan adawa suna zawarcinsu, ƙafarsu ɗaya a waje, dalili kawai suke jira. In Sani ya tashi, 'yan adawa za su mara masa baya, ukun nan su bi, a wayi gari an kayar da gwamnati a ƙuri'a, daga nan sai kujerar kakaki. Manya suka kira ni suka ce, "Ummaru, abokinka ne, ka san yadda za ka yi."

Na same shi na yi masa magana ta hankali. Na ce ya jira wata biyu. Ya ce, "Ummaru, mutanena ba su shibka ba bana. Wata biyu damana ta wuce. In ban hwaɗi ba can, ina za ni hwaɗi?" Na ce akwai shugabancin kwamiti da za a ba shi. Ya dube ni kawai, har na ji kunya. Na ce za a iya dakatar da shi. Ya ce a dakatar.

Sai na yi abin da muke yi in mutum ya gagara. Kai ma ka san ƙasar nan: mutum yana iya ce wa gwamna a'a, yana iya ce wa jam'iyya a'a, amma ba ya ce wa wanda ya haife shi a'a. To mu abin da muka mayar sana'a ke nan. Kowane ɗan majalisa mun san wa ke sama da shi a gida, uba ne, uwa ce, ko malamin da ya karantar da shi. In ya ƙi jin bulaliya, sai a bi ta can. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ya fi duk dokokin majalisa aiki.

Da safe na kama hanyar Zurmi da goro da turmin atamfa. Mahaifiyarsa, Inna Hajara, na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Ta yi murna da ganina ƙwarai, tana "abokin Sani, abokin Sani," ta sa aka kawo mini ruwa da tabarma. Ban yi mata ƙarya kai tsaye ba, Nasiru, kuma wannan ne ya fi muni. Gaskiya na ɗauka na jera ta yadda nake so. Na ce maƙiya suna zuga ɗanta ya yi faɗa da gwamna. Na ce in ya yi maganar za a kore shi daga majalisa. Na ce masu daji ma suna jin rediyo, kuma sun san gidan nan. Ban gaya mata cewa maganar gonakin maƙwabtanta ce ba.

Tsohuwar ta ajiye gyaɗar ta ce, "Ummaru, tsakaninka da Allah, maganag ga za ta cuce shi?"

Na ce, "Za ta cuce shi, Inna."

Da wayata na kira shi. Ya ga sunana ya ɗauka yana cewa, "Ummaru, ya aka yi?" sai na miƙa mata. Ta ce, "Sani, ni ta, innakka. Maganad da kaka son yi majalisa, na hana. In kat tashi ka yi ta, ban yahe ba." Wayar tana da ƙara, ina jin numfashinsa. Can ya ce, "To, Inna." Ta yi mini addu'a har bakin ƙofa, tana gode mini da na ceci ɗanta.

Ranar zaman ya zo da farar riga, takardar tana naɗe a aljihun gaba, ina ganin bakinta. Kakaki ya tambaya ko akwai mai magana ta gaggawa. Sani bai motsa ba. Sai wani ɗan adawa da ya ji ƙishin-ƙishin ya tashi ya kawo maganar da kansa, don ya tona mu. Aka ce a kaɗa ƙuri'a ko za a saurare ta. Muka ɗaga hannu muka ce a'a, Sani ma ya ɗaga, idonsa a ƙasa. Da yamma rediyo ta faɗa cewa har wakilin yankin yana cikin waɗanda suka ƙi. Rinjaye ya tsaya, kakaki ya tsira. Manya suka dafa kafaɗata suka ce ba a taɓa bulaliya irina ba. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi ranar.

Kafin kaka mutanen ƙauyuka biyu sun tashi, suka tare a wata makarantar firamare da 'ya'yansu da tukwanensu. Ba na cewa da a ce Sani ya yi magana da hakan bai faru ba. Na ga ƙudiri da yawa an zartar an ajiye a durowa. Amma da mutanensa sun san ya tashi ya faɗa. Da ya je duba su, maza suka juya masa baya. Wani dattijo ya ce masa, "Koma ka yi shiru can, shi ka iya." Sani bai buɗe baki ya kare kansa ba. Da me zai kare? In ya ce uwarsa ta hana, ya jefa tsohuwa a bakin mutanen da suka rasa gidajensu. Na san haka tun kafin in tafi Zurmi. Na san ba zai taɓa iya faɗa ba, shi ya sa hanyar take aiki.

Da zaɓe ya matso, jam'iyya ta zauna ta ce Sani ba zai ci ba, mutanensa sun juya masa baya, a ba wani tuta. Ina cikin ɗakin. Ban kare shi ba. Ukun nan da muke tsoro kuwa, shekara na zagayowa suka tafi abinsu a kan wata rigima ta daban.

Daga baya Inna Hajara ta gane abin da ta hana. Ta aiko sau biyu tana nemana, na ce ina Abuja. Da ta rasu na je ta'aziyya. Sani ya tashi ya ba ni hannu, ya nuna mini wurin zama, ya ce, "Mun gode, Honorabul." Tun da muka san juna bai taɓa kirana da wannan sunan ba. Har yau yana bi ta Kaura in zai je Gusau, nakan hango motarsa wani lokaci daga bakin shago. Ba ya tsayawa, kuma ban ga laifinsa ba. Abin yana ci mini rai har gobe.

Ga dalilin da ya sa na tono wannan duka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kana can wurin masu taya murna, ciyaman na jam'iyya ya zo nan da mutum biyu. Da goro suka zo da shadda. Ina ganin ƙunshin na gane shi, don ni ma haka nake ɗaure nawa. Bayan gaisuwa suka ce akwai wani matashin ɗan majalisa, na jam'iyyarku, da ya dage sai ya yi magana a zaure kan ƙauyukansa da aka hana noma. An shirya takardar dakatar da shi, ana tara hannu, kuma ba za ta wuce ba sai da naka. Ciyaman ya ce, "Alhaji, yaron ga kai ka haihe shi. In kac ce mai shi sa hannu, sawa za shi yi. Kai ka san aikin ga hiye da mu."

Zan gaya maka gaskiyar abin da na ji. Daɗi na ji. Shekara nawa ba wanda ya tako gidan nan neman shawarata, sai ga ciyaman a kan tabarmata yana tuna mini zamanina. Har bakina ya buɗe zan ce su bar mini komai. Innarka ce ta yi tari daga bayan labule, irin tarin da ka sani. Na ɗauki goro ɗaya don kada a ce na wulaƙanta baƙi, na tura musu shaddar, na ce, "A gida ɗana ne. A majalisa wakilin mutane ne, ku je ku same shi ku yi mai bayani." Suka yi dariya suka ce za su dawo in na huta.

Za su dawo, Nasiru. In ni ne su, zan dawo. Za su zo ranar da ciwon ƙafar nan ya tashi, ko ranar da na ji haushinka don ka yi mako biyu ba ka kira ba. Za su ce ana zuga ka, za su ce rayuwarka na cikin haɗari, za su jera mini gaskiya yadda suke so. Na tsufa, ina son a girmama ni, kuma ina tsoro a kanka kamar yadda kowane uba yake yi. Ban amince da kaina ba.

Ban ce kada ka sa hannu a takardar ba, ban kuma ce ka sa ba. Ban san yaron ba, ban ji ta bakinsa ba. Ka same shi ka saurara. Ka je ka ga ƙauyukan in hanya ta yiwu. In ka ga neman suna yake, ka bi jam'iyyarka da zuciya ɗaya. In ka ga gaskiya gare shi, ka faɗa wa manyanku a taronku na cikin gida tun kafin ranar, a fili, cikin ladabi, kada su fara ji a zaure. Ka ce musu kana tare da su a kasafi, kana tare da su a kan kakaki, amma wannan ba za ka iya ba. Za su yi fushi. Wataƙila su hana ka tuta a zaɓe mai zuwa. In haka ta faru, ka dawo gida, gonar Sakajiki tana nan, ba wanda zai juya maka baya a kasuwa.

Abin da na zauna rubutawa shi ne wannan, kuma da hankalina na rubuta shi, ba wanda ya tilasta ni, innarka shaida ce. A kan duk abin da ya shafi ƙuri'arka a majalisa, na sauke umarnina daga kanka. In wani ya zo ya ce mahaifinka ya ce ka yi shiru, kada ka saurare shi. In kuma wata rana wayarka ta yi ƙara, ka ga sunan ciyaman, ka ɗauka ka ji muryata ina cewa na hana, in ka yi ban yafe ba, to ka sani akwai mutum zaune kusa da ni da goro a gabansa. Ka gaishe ni da kyau, ka tambayi ƙafata, sannan ka je ka yi abin da ka ga shi ne daidai. Ba ka saɓa mini ba. Na yafe maka tun yau, duniya da lahira.

Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin daji, Ya tsare ka daga masu zuwa da murmushi. Allah Ya ba ka abokai na gari, Ya hana ka cutar da su. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, mutane su koma gonakinsu. Ka riƙe salla a kan lokaci ko ana tsakiyar zama. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ummaru.